Ƙodago da Jinga a Cikin Fi'ili

Duk wanda ya taɓa sa wani aiki, ko aka taɓa sa shi, ya san lada iri biyu ne. Akwai ƙodago, akwai jinga. Mai ƙodago yininsa ya sayar. Ya shiga gona da sassafe, ya yi ta noma har azahar, a ba shi abin da aka yi ciniki, ko gonar ta ƙare ko ba ta ƙare ba. In ruwa ya tashe su da hantsi, ba mai cewa bai yi noma ba, sai dai a ce bai yi da yawa ba. Mai jinga kuwa ba haka ya ke ba. Shi cewa aka yi ya haƙa rijiya, kuɗinta kaza. To, ko ya kwana arba'in cikin rami, ya fid da ƙasa tuli guda, in bai tad da ruwa ba rami ya haƙa, ba rijiya ba, mai gida kuma yana da bakin cewa ba a yi masa abin da ya sa ba. Husuma da yawa daga nan ta ke tashi, ɗaya yana lissafin wahalar da ya sha, ɗaya yana duban abin da ya samu.

Wannan bambanci ba a kasuwa kaɗai ya tsaya ba. Yana nan kwance cikin kalmomin da mutane ke faɗin ayyukansu da su, watau fi'ilai, waɗanda littattafan makaranta ke kira aikatau. Masana harshe sun daɗe suna bin sawunsa, har suka kasa fi'ilai kashi kashi bisa ga yadda abin da su ke nufi ya ke gudana cikin lokaci.

Almajirin da ya karanta Ajuruma, ɗan littafin nahawun nan da Ibn Ajurrum mutumin Fas ya wallafa kafin rasuwarsa a 1323, ya san an raba fi'ili uku: wanda ya wuce, da wanda a ke ciki ko a ke jira, da na umurni. Rabo ne mai kyau, amma tambayar da ya fi amsawa ita ce, yaushe? Akwai wata tambaya dabam da ba ta kula da jiya ko gobe ba. Ita cewa ta ke yi, shi wannan abu, wace irin siffa gare shi? Yana ɗaukar lokaci, ko kuwa kamar ƙiftawar ido ya ke? Yana da maƙurar da in an kai shi ke nan, ko kuwa sai dai mai yi ya gaji ya bari? Gudu jiya da gudu gobe duk gudu ne, siffarsu ɗaya. Amma gudu da isowa, ko a rana ɗaya aka yi su, ba jinsinsu ɗaya ba.

Wanda a kan fara ambata a wannan zance shi ne Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. A littafinsa da a ke kira Metafizika ya lura da wani abu ƙarami wanda ya zama tushen maganar duka. Mutum in yana gani, to, a wannan lokacin ya riga ya gani. In yana tunani, ya riga ya yi tunani. Amma in yana gina gida, bai gina gida ba tukuna, in kuwa ya gina, ya daina ginawa. Na farko cikakke ne a kowane lokaci nasa. Na biyu kuwa tafiya ce zuwa wani wuri, ba ya cika sai ya ƙare, ranar cikarsa kuma ita ce ranar mutuwarsa. Shi Aristotal ba nahawu ya dame shi ba, so ya ke ya san wane irin aiki ne a ke yi don kansa, wane ne kuma a ke yi don abin da zai haifar. Duk da haka ma'aunin da ya bari ya fi shekara 2,000 yana aiki.

A 1949 wani malamin falsafa na Jami'ar Okusfod, Gilbert Ryle, ya ƙara wani abu. Ya ce akwai fi'ilan ƙoƙari, akwai na dacewa, mutane kuma su kan ruɗe su ɗauka duk aiki ne iri ɗaya. Nema ƙoƙari ne, samu dacewa ce. Haka duba da gani, saurare da ji, yin magani da warkarwa. Ana iya cewa mutum ya yini yana nema a banza, amma ba a cewa ya samu a banza, sabo da samu ba wani aiki ba ne da a ke yi bayan nema, sunan ƙarshen nema ne in an yi sa'a. A nan mai karatun da ya bi ta zauren malamai zai tuna da babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996. Can an bambanta ijara da ji'ala. A ji'ala, kamar a ce wanda ya komo da raƙumin da ya ɓace yana da kaza, ko wanda ya haƙa rijiya, ba a yanka wa'adi, kuma mai aiki ba shi da kome sai aiki ya cika. Har an halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan warkewa. Ashe abin da Bature ya gano yana bin kalmomi, malaman fiƙihu sun riga sun gano shi suna bin haƙƙin mutane, kusan shekara dubu kafin a haife shi.

Amma wanda sunansa ya fi bin wannan ilmi shi ne Zeno Vendler, haifaffen ƙasar Hangari a 1921, wanda ya yi koyarwa a Amurka da Kanada, ya rasu a 2004. A 1957 ya buga wata 'yar maƙala a kan fi'ili da lokaci, ya kasa fi'ilai huɗu. Sunayen da ya ba su na Ingilishi ne, ba su kuma da daɗin juyawa, don haka a nan za a kira su da sunayen gida.

Na farko fi'ilin hali, kamar sani, da so, da mallaka, da fin wani tsawo. Ba a yin sa, ana cikinsa ne kawai. In aka tad da mutum a zaure aka ce, "Malam, me a ke yi?" ya iya cewa yana ɗinki, ko yana karatu, amma ba ya cewa yana sanin Larabci. Ba a kuma umurtar yaro a ce, "Maza ka fi wanka tsawo!" Mai barci ma bai daina sanin sunansa ba. Na biyu fi'ilin ƙodago, kamar gudu, da yawo, da kuka, da tura amalanke. Yana cin lokaci, yana cin ƙarfi, amma ba shi da maƙura. Kamar ruwa ya ke, ko'ina aka ɗiba ruwa ne. Na uku fi'ilin jinga, kamar gina ɗaki, da ɗinka riga, da rubuta wasiƙa. Shi ma yana cin lokaci, amma yana da bakin da ya nufa, kuma rabinsa ba shi ba ne, kamar yadda rabin tulu ba tulu ba ne, sakaina ce ta kasko. Na huɗu fi'ilin farat ɗaya, kamar isa, da samu, da fashewa, da mutuwa, da cin tsere. Wannan maƙura ce tsagwaronta, ba ta da tsawo. Kome nisan hanyar da aka bi kafin a zo gare ta, ita kanta taki ɗaya ce.

Rabo irin wannan ba shi da amfani in ba a iya gwada shi, gwajin kuwa shi ne wurin daɗin abin, don kowa yana iya yi da harshen uwarsa ba tare da littafi ba. A shekarar nan ta 1957 wani Ba'amurke, Howard Garey, yana nazarin Faransanci, ya kawo gwaji mai sauƙi: a katse mai aikin a tsakiya, sa'an nan a tambaya, ya yi ko bai yi ba? Yaro yana iyo a kogi aka kira shi ya fito. Ya yi iyo? Ya yi. Wani yana nutsewa aka cafko shi. Ya nutse? Alhamdu lillahi, bai nutse ba. Ga jimla biyu gininsu ɗaya, "yana iyo", "yana nutsewa", amma ɗaya ta tabbatar da abin ya auku, ɗaya ba ta tabbatar ba. David Dowty, wanda ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje cikin littafinsa na 1979, ya ɗauki wannan a kan babbar matsala: ina ɗakin ya ke a cikin "yana gina ɗaki", in magini ya mutu katanga tana iya gwiwa? Ba ƙarya aka yi ba da aka ce ɗaki ya ke ginawa, alhali kuwa ɗakin bai taɓa samuwa ba, ba kuwa zai samu ba. Sai dai a ce harshe yana ba mutum bashin abin da ya nufa.

Gwaji na biyu na ƙidayar lokaci ne. Bahaushe ya kan ce, "Ya yi awa biyu yana yawo," ya kan kuma ce, "Cikin awa biyu ya ɗinke rigar." In aka musanya, aka ce cikin awa biyu ya yi yawo, sai kunne ya tsaya yana jiran a faɗi yawon ina zuwa ina. "Cikin kaza" maƙura ya ke nema. Haka kuma ana cewa cikin kwana uku fatake suka isa Zariya, amma ba a cewa wani ya yi kwana uku yana isa Zariya. Kwanakin nan uku na tafiya ne, isa ba ta ci ko ɗaya ba. Akwai kuma bambancin dainawa da gamawa. Magini ya daina gini, magini ya gama gini: wanda ya ba da kuɗinsa ya san tazarar da ke tsakanin maganganun nan biyu.

Hausa tana da wani gwaji nata na kanta wanda ya fi waɗannan kyau. A duba jimla biyu. "Yana noma sai aka fara ruwa." "Yana isa gida sai aka fara ruwa." A ta farko ruwa ya same shi a tsakiyar noma. A ta biyu ruwa bai same shi a tsakiyar isa ba, domin isa ba ta da tsakiya, ma'anar ita ce da isarsa, nan take, aka fara. Kalmar "yana" ɗaya ce, amma da ta haɗu da fi'ilin da ba shi da ciki, ta rasa inda za ta zauna, sai ta koma nufin "nan da nan bayan". Shi ya sa in aka ce, "Yana mutuwa aka raba gado," ba wanda zai fahimta cewa an yi rabon yana shure-shure. Abin da a ke zargi shi ne ba a bari kabari ya bushe ba.

Sai dai fa Vendler da Ingilishi ya yi awo, mudun wani gari kuwa ba lalle ya yi daidai da na wani ba. Babbar shaidarsa ta fi'ilin hali ita ce Ingilishi ba ya yarda a sa shi cikin siffar aikin da a ke cikin yi. Hausa ta yarda a wani wuri, ta ƙi a wani. Ana cewa "yana sonta", "yana jin tsoro", "yana tsammani", ba laifi. Amma sani, da fi, da gajiya, da ƙoshi, da yarda, siffar abin da ya wuce su ke ɗauka ko da yanzu a ke nufi. Wanda ya ce "na gaji" ba labarin jiya ya ke bayarwa ba, wurin zama ya ke nema. Wanda ya ce "na sani" bai ce ya manta ba. Kamar dai Hausa tana duban hali ta ƙofar da aka shiga: an ƙetare dokin ƙofa, ana nan ciki har yanzu. Ga kuma wata dabara, inda kalma ɗaya ke haifar da biyu. "Ya tsaya" farat ɗaya ne, "yana tsaye" hali ne. Haka kwanta da kwance, rataya da rataye, zauna da zaune. Abin da ya sa masanan Turai gumi suna rarrabewa, Hausa ta rubuta shi a wutsiyar kalma, yara suna faɗi ba su san sun yi nahawu ba.

Gyara mafi girma da aka yi wa Vendler daga ƙasar Holan ya fito. A 1972 Henk Verkuyl ya nuna cewa kuskure ne a ɗora wa fi'ili shi kaɗai wannan hukunci, domin abin da ke biye da shi yana juya shi. "Ya ci tuwo" ba shi da iyaka. "Ya ci malmala uku" yana da ita, loma ta ƙarshe ta malmala ta uku. Gudu ƙodago ne, amma gudun mil ɗaya jinga ne, gudu zuwa bakin kasuwa ma haka. Har mai aikin kansa yana sauya lissafi. Baƙo ɗaya ba ya yini yana isowa, amma baƙin biki su kan yini suna isowa, sabo da farat ɗaya in ta yi yawa ta zama kamar yayyafi. Watau abin da ke da adadi shi ke ba aiki maƙura, abin da ba a ƙidaya ba kuwa ya bar shi sake. Wannan gyara gaskiya ne, har ya sa da yawan masana suka koma cewa ba fi'ilai a ke kasawa ba, jimloli ne. Amma sun ɗan yi gaggawa, don akwai harsunan da fi'ilin da kansa ya ke ɗauke da alamar.

Hausa tana cikinsu. F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya tsara fi'ilan Hausa aji bakwai a 1960, tsarin da Paul Newman ya bi da gyare-gyare cikin babban nahawunsa na 2000. Aji na huɗu, mai ƙarewa da wasalin e, sau da yawa aikinsa shi ne ya ce an kai ƙarshe, ba a rage kome ba. Sha da shanye, ci da cinye, saya da saye, noma da nome. Uwar gida in ta tambaya wa ya sha nonon, tambaya ce. In ta ce wa ya shanye nonon, shari'a ce. Ana cewa ya ci amma bai cinye ba, magana ta zauna daidai. In aka ce ya cinye amma ya rage, an yi tufka da warwara. In kuma a ka so a buga hatimi, sai a ƙara 'yan kalmomin nan masu kama da ƙara: ya cinye tas, ya ƙone ƙurmus, an kwashe kakaf, ya cika fal. Kowace ɗaya shaida ce cewa an taɓa bango.

Aji na bakwai, mai ƙarewa da u, ya tona wani abu da ya fi wannan zurfi. Bahaushiya ta kan ce, "An dafa naman, amma bai dafu ba." Makaniki ya ce an gyara, ba ta gyaru ba. A nan an raba jinga gida biyu, an ba mai aiki rabonsa, an ba abin da aka yi wa aikin nasa. Dafawa ta mai girki ce, dafuwa ta nama ce, kuma ta farko ba ta lamunce ta biyu ba. Masana sun tarar da irin wannan a harsuna da dama. A Sinanci mutum ya iya cewa ya rubuta wasiƙa jiya amma bai gama ba, maganar da in aka juya ta kalma da kalma zuwa Ingilishi sai ta yi kamar ta mai ruɗewa. Wannan ya nuna maƙurar da Vendler ya ɗauka tana cikin fi'ili daram, a wasu harsuna alkawari ce kawai, sai an ƙara wata alama kafin ta zama biya.

An ƙara kashi na biyar daga baya. Carlota Smith ta Jami'ar Tekzas, a littafinta na 1991, ta ware irin su tari, da atishawa, da ƙifta ido, da ƙwanƙwasa ƙofa. Farat ɗaya ne su ma, amma ba su bar wani sabon hali a bayansu ba. Tulu in ya fashe ya zama fasasshe, amma ƙofa in an ƙwanƙwasa tana nan yadda ta ke. Don haka "yana tari" ba ya nufin yana tsakiyar tari guda, tari ne bayan tari.

Mai karatu ya iya cewa, to, duk wannan wasan malamai ne. Ba wasa ba ne ga wanda aka tsayar gaban alƙali. Shaidar da ta ce, "Na gan shi yana haura katanga," ba ɗaya ta ke da wadda ta ce, "Na ga ya haura katanga" ba. Ta farko ta bar shi a kan katanga, mai yiwuwa kare ya yi haushi ya diro ta waje. Ta biyu ta sa shi cikin gidan mutane. In akwai tafinta a tsakani, wanda bai kula da wannan ba, da harafi biyu sai ya shigar da mutum inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Ba wasa ba ne kuma ga talakan da a ke karanta wa rahoton ayyuka. Masu rubuta irin wannan rahoto, ko sun karanta Dowty ko ba su taɓa jin sunansa ba, gwanaye ne a kan matsalarsa. "Ana gina asibiti." Wannan magana ta zama gaskiya tun ranar da aka sari ƙasa da diga, za ta kuma zauna gaskiya muddin akwai lebura ɗaya da ke zuwa yana motsa yashi. An ambaci asibiti, kunne ya ji asibiti, amma ba a ce akwai asibiti ba. Wanda ya fi wayo ma ba ya kusantar fi'ilin jinga ko kaɗan, sai ya tsaya a na ƙodago: ana ƙoƙari, ana duba al'amarin, ana tattaunawa. Waɗannan ba ranar da za a ce sun kasa, domin ba su nufi ko'ina ba.

Akwai kuma wani jinsi da ya ƙi shiga kowane kashi sosai, shi ne na ƙari da ragi, kamar hucewa, da bushewa, da faɗaɗawa, da tsufa. Ana cewa kunu ya huce cikin minti goma, ana kuma cewa ya yi minti goma yana hucewa, duka biyu daidai. A 1999 masana uku, Jennifer Hay da Christopher Kennedy da Beth Levin, suka ba da bayani mai gamsarwa. Suka ce a duba sikelin da a ke awon abin da shi, ko yana da ƙarshe ko babu. Bushewa tana da ƙarshe, wanki in ya bushe ƙayau ba sauran wata bushewa. Cika ma haka, miƙewa ma haka. Amma faɗi, da tsawo, da zurfi, da tsada, ba su da inda su ke tsayawa. Don haka in aka ce an cika tanki, ana iya leƙawa a ƙaryata. In kuwa aka ce an faɗaɗa hanya, ko an ƙara yawan magani, ko an rage cunkoso a aji, to, ko da kamu ɗaya aka ƙara, ko yaro ɗaya aka fitar, maganar ta tsaya da ƙafarta. Irin wannan fi'ili ba ya zama jinga sai an ɗaura masa adadi, an ce mita nawa, kwali nawa, yara nawa, daga ina zuwa ina.